Yadda Sabon Shiga Zai Zaɓi Yaren Rubuta Manhajar Lissafin Kayan Shago

Duk yaron da ya zo ya ce mini zai rubuta wa kawunsa ko yayansa manhajar lissafin kayan shago, na san inda watansa na farko zai tafi: gardamar yare. Yau ya sauke Python, ya kalli darasi uku a YouTube, gobe wani ya ce masa ai JavaScript ake yayi, ya goge ya sake sabon lale. Kafin ya farga data ta ƙare, shago kuwa yana nan da tsohon littafinsa mai datti a bango.

To, rufe kwamfutar tukuna. Tafi shagon ka wuni a ciki, ka zauna kusa da yaron da ke karɓar kuɗi. Abin da kake nema shi ne: a kan wace na'ura za a yi aikin, mutum nawa ne ke sayarwa a lokaci guda, sau nawa ake ɗauke wuta, sannan sabis yana kamawa a cikin shagon ko sai an leƙa waje. Amsar waɗannan ce za ta zaɓa maka yare.

In kwamfuta ɗaya ce a kan kanta, mai sayarwa ɗaya, ɗauki Python ka huta. Guido van Rossum ya fitar da shi tun 1991, rubutunsa a sarari yake, kuma da ka girka shi ka samu abubuwa biyu kyauta a cikinsa: SQLite, rumbun bayanan da yake fayil ɗaya tal, da Tkinter na zana tagogi da maɓallai. Fuskar Tkinter ba ta da kyau, na yarda, amma ban taɓa ganin mai shagon da ya damu da wannan ba in lissafi yana fita daidai. Manyan manhajojin kasuwanci irin su Odoo da ERPNext ma da Python aka gina su, saboda haka kada wani ya ce maka yaren 'yan koyo ne.

In maigida yana da shago biyu, ko yana son ganin cinikin yau daga gida, nan sai manhajar da ake buɗewa a burauza: yaren PHP da rumbun bayanai na MySQL, ko Django, kayan gina irin wannan manhaja da Python, in ka riga ka fara Python. Sai dai ka gaya masa tun wuri cewa kuɗin saba, wato kwamfutar intanet da manhajar za ta zauna a kai, duk shekara ake biya, kuma ranar da intanet ya ɗauke, ciniki ya tsaya. In kuma ba kwamfuta sai waya, Flutter na kamfanin Google ne hanya, da yarensa Dart, amma Android Studio, manhajar da ake wannan aikin a cikinta, yana neman giga 8 na ƙwaƙwalwa, tsohuwar laftof ɗinka mai giga 4 kuka za ta yi. C# yana da kyau ƙwarai a kan Windows. C++ kuwa, ka bar shi kawai.

Yanzu ga inda ni na sha kashi, kuma a nan nake so ka tsaya. Ko wane yare ka ɗauka, akwai na biyu da ba ka da zaɓi a kansa, wato SQL, yaren da ake magana da rumbun bayanai. Manhajata ta farko wani shagon kayan masarufi na yi wa. Na yi tebur ɗaya na kaya, da gurbi ɗaya mai suna "saura". An sayar, a rage. An kawo, a ƙara. Sati uku da farawa, manhaja ta ce sabulu 40, kantar shago ta ce 28. Maigida ya kalli yaron shago, yaron ya kalle ni idonsa ya ciko. Ba ni da abin da zan nuna, domin lambar kullum gogewa ake yi a rubuta sabuwa, babu tarihin komai. Sai da na kwana biyu ina bin rasit ɗaya bayan ɗaya kafin na gano an sayar da dozin, manhaja ta rage guda ɗaya, wani cinikin kuma wuta ta ɗauke bayan an rubuta kuɗi, kafin a rage kaya. Yaron bai taɓa komai ba.

Saboda haka kada ka ajiye saura. Yi teburin shige da ficen kaya: kowane layi ya ɗauki kayan, adadi, rana da lokaci, wanda ya yi, da dalili, ko sari ne aka sauke, ko sayarwa, ko an dawo da shi, ko ya lalace. Saura kuma a riƙa haɗa shi daga layukan nan. Kuskure in ya faru, sabon layi ake ƙarawa na gyara, ba a goge tsoho. Kowane kaya ka ƙirga shi da mafi ƙanƙantar ma'aunin da ake sayar da shi, sannan ka rubuta katan guda nawa ne, dozin 12 ne, turmin atamfa yadi 6 ne. Rubuta kuɗi da rage kaya kuwa ka kulle su tsakanin umarnin SQL na BEGIN da COMMIT, ko su shiga tare ko su fasa tare. SQLite yana yin wannan ko da an ɗauke wuta a tsakiya.

Kuɗi kuma da kwabo za ka ajiye su, cikakkiyar lamba ba mai ɗigo ba. Buɗe Python ka rubuta 0.1 + 0.2 ka ga abin mamaki: 0.30000000000000004 zai ba ka, JavaScript ma haka. Lambar bakod mai alƙaluma 13 a matsayin rubutu ake ajiye ta, in ba haka ba sifilin farko ya ɓace. Kada ka manta da bashi, don shago babu littafin bashi sai dai a mafarki.

Kafin ka yanke hukunci na ƙarshe, ka ba yaren sati ɗaya na gwaji. Ka shigar da kaya biyar, ka sayar da biyu, ka buga rasit, amma a kan kwamfutar shagon, ba taka ba. In rasit ya fito, ka samu yarenka, kada ka sake sauraron kowa har sai aikin ya kammala.

Sauran ba wuya. Na'urar karanta bakod kamar kibod take aiki, lambar kawai take bugawa inda ka ajiye alama, ba ta buƙatar wani kod. Firintar rasit, mai milimita 58 ta fi araha, kuma yawancinsu suna jin umarnin ESC/POS na Epson. Python yana da kunshin python-escpos na wannan aikin. PyInstaller zai dunƙule maka komai ya zama fayil ɗaya da za a danna a Windows. Sannan ka sa manhajar ta kwafi fayil ɗin SQLite zuwa filas duk lokacin da za a rufe shago, filas ɗin kuma maigida ya tafi da shi gida a aljihu.