Yadda ake gishirce kifi a busar da shi irin na mutanen tsibirin Fogo

Fogo wani tsibiri ne a arewa maso gabashin Newfoundland, can ƙasar Kanada, tsawonsa bai wuce kilomita 25 ba, kuma mutanen da suka zo daga Ingila da Ireland suka kafa ƙauyuka irin su Tilting da Joe Batt's Arm babbar sana'arsu ita ce kamun kod, wani kifin teku marar maiƙo. Babu firij a lokacin, amma kifin da suka kama a watan Yuli sai a ci shi a Portugal ko Brazil bayan watanni bai lalace ba. Hanyar da suke bi ba ta da wuya, kai ma za ka iya gwadawa da ƙarfasa ko giwan ruwa. Kifi mai maiƙo irin tarwaɗa ko titus dai kar ka soma, mansa zai yi ɗoyi kafin ya bushe.

Abu na farko, kar kifin ya jira ka. Su can tun kafin asuba maza suke fita a kwale-kwalen katako da suka sassaƙa da hannunsu lokacin sanyi, wasu ƙanana na tuƙi da filafili, wasu manya masu inji da ke zuwa ɗaga wata ƙatuwar raga mai bango huɗu da ƙasa wadda ake kafawa kusa da gaɓa, kifin ya biyo ƙananan kifaye ya faɗa ciki. Da sun dawo kwata ba hutu, ko da kuwa sai an kunna fitila an kai tsakar dare, domin kifin da ya kwana da hanjinsa ya riga ya fara mutuwa a kasuwa. To a wurin sanyi ke nan fa, balle mu da rana ke dukanmu. In ka sayo da safe, ka gama fiɗa kafin azahar.

Kwatar tasu ɗaki ne na katako a kan dogayen sanduna da ya leƙa cikin ruwa, kusan kowane gida da nasa, kwale-kwale ya tsaya a ƙasa ana cillo kifi sama da sanda mai tsini. A ciki akwai tebur, kuma aikin a jere yake tafiya. Mutum na farko ya yanke maƙogwaro ya tsaga ciki, na biyu ya zare hanta ya jefa a ganga saboda man da ake tatsa daga ita, ya kwashe hanji ya karye kan a bakin tebur, na uku kuma shi ne gwani, da wuƙa mai ɗan lanƙwasa zai buɗe kifin har wutsiya ya cire mafi yawan ƙashin baya, kifin ya baje ya kwanta shafal. Yara ma da nasu aikin, su ke yanke harsunan kifin daga kawunan.

Kai kaɗai ne za ka yi duka ukun, amma ka bi jerin nan. Inda mutane ke ɓata aiki shi ne jini. Akwai jinin da ke maƙale a gindin ƙashin baya da wajen wuya, ka sa ruwa mai tsabta ka goge shi tas, in ka bar shi nan ne ruɓewa za ta fara, kuma ko kifin ya tsira zai yi baƙin tabo. Kar kuma wuƙarka ta yi ta huda naman, kowane rami mafaka ce ta ƙuda.

Sai gishiri. Ka nemi mai tsakuwa, ba na leda mai laushi ba, kamar kilo 1 ga kilo 3 na kifin da aka fiɗe. Ka barbaɗa a ƙasan kwando ko robar da ka huda, ka shimfiɗa kifi fata a ƙasa nama a sama, ka zuba gishiri ka fi yawaita shi inda naman ya fi kauri, ka ɗora wani layin, haka haka har sama, na ƙarshen ka kifa shi fata a sama ka rufe. Ruwan da gishirin zai janyo dole ya samu hanyar tsiyayewa. Ƙananan ƙarfasa kwana kaɗan sun ishe su, mai kauri kuwa ka ba shi sati biyu zuwa uku, ka danna da yatsa, in naman ya yi tauri har ciki to ya sha.

Daga nan ka wanke gishirin da ya rage a jiki, ka jera su a kan juna ka ɗora nauyi su kwana, sannan shanya. Wannan ɓangaren a Fogo yawanci mata ne ke riƙe da shi, kuma wallahi a ganina su ne ba a yaba musu yadda ya kamata ba. Gadajen shanyar na sanduna ne da aka ɗaga sama aka shimfiɗa rassan itace domin iska ta ratsa ta ƙasa, kullum da safe a baza, da yamma a tattara ƙananan tsibi fata a sama, hadari na tasowa kowa ya bar abin da yake yi ya ruga. Abin da suke tsoro bayan ruwan sama shi ne rana mai zafi ba iska, tana dafa naman ya riƙa ɓarewa. Don haka kai iska za ka nema fiye da rana, inuwa mai iska da tsakar rana, gidan sauro a sama saboda ƙuda, kuma lokacin hunturu ya fi komai dacewa. In ya fara tauri ka tara shi ka danne kwana ɗaya ko biyu, damshin ciki ya fito waje, ka sake bazawa. Ya gama in ka lanƙwasa ya ƙi.

Wannan kulawar ba ƙwalisa ba ce a wurinsu. Ɗan kasuwa ne ke ba masunci gishiri da fulawa da igiya bashi tun farkon lokacin kamun kifi, in kifi ya bushe a kai masa, mai tantancewa ya ware mai kyau na Turai, mai tabo da wanda ya karye kuma a tura tsibiran Karibiyan da araha, sai ka ga iyali sun yi wahalar shekara guda bashin bai biyu ba. A 1967 kuma, da gwamnati ke son kwashe mutanen ƙananan ƙauyuka zuwa manyan garuruwa, 'yan Fogo suka ƙi tashi suka kafa ƙungiyar haɗin gwiwa, suka riƙa ƙera manyan jiragen da ke iya nisa cikin teku. Kifin kansa ne ya ƙare daga baya saboda kwasar da jiragen kamfanoni suka yi masa, har Kanada ta hana kamun kod a yankin a Yulin 1992, mutane wajen 30,000 suka rasa aiki.

Naka in ya bushe ka adana a wuri mai iska, ba a leda ba. Ranar da za ka dafa ka jiƙa shi tun daren jiya, ka sauya ruwan sau biyu ko uku, ka tafasa sama-sama, kuma kar ka sa gishiri a miyar sai ka ɗanɗana tukuna.