Yadda Ake Zaɓa Wa Yaro Littafi Mai Hoto Don Barka Da Sallah

Kuɗin barka da sallah a hannun yaro ba ya kai la'asar, mai alawa da mai balan-balan sun karɓe. Shi ya sa duk sallah nake haɗa wa 'ya'yan ƙannena da littafi mai hoto. Amma na sha sayen wanda aka buɗe sau ɗaya aka yar, kafin na gane yadda ake zaɓe.

Da farko, ka san wa za ka saya wa tun kafin ka bar gida. Ɗan ƙasa da shekara 3 baki yake kai komai, don haka sai mai shafuka na kwali mai kauri, hoto babba ɗaya a shafi, kalma ɗaya ko biyu: rago, wata, masallaci, lalle. Daga shekara 3 zuwa 5 ana son ɗan labari mai jimla da ke ta dawowa, wadda yaro zai riƙa amshi da ita kamar waƙa. Mai 6 ko 7 da ya fara haɗa baƙi, nema masa manyan haruffa da gajerun jimloli, ya karanta da kansa.

Na biyu, dubi hotunan kafin rubutun, domin su yaron zai karanta. Buɗe shafi-shafi ka tambayi kanka: in na rufe rubutun da hannu, ana gane abin da ke faruwa? Sannan ka duba ko yaron zai ga kansa a ciki. Yarinyar da ta kwana da lalle a ƙafa, aka yi mata kitso, ta ga an kai tuwon sallah maƙwabta, in ta tarar da irin wannan a takarda ba ta sakin littafin. Haka yaron da aka ɗora a kafaɗa ya kalli Hawan Daushe a Kano, ko ya bi 'yan tashe a goma ta tsakiyar azumi. Littattafan Idi da ake shigowa da su daga waje suna da kyau, kuma yaro ya san yadda ake sallah a Masar ko Indonesiya abu ne mai amfani. Sai dai kada su zama su kaɗai ne a gidan, har ya ɗauka sallar garinsu ba ta isa shiga littafi ba.

A nan akwai abin lura. In labarin Annabi Ibrahim ne da asalin layya, tabbatar mai zanen bai zana siffar annabi ba, kuma an ba da labarin yadda ƙaramin yaro zai iya ɗauka ba tare da ya tsorata ba. Yara da yawa kan shaƙu da ragon layya, su yi ta ba shi dusa kwana da kwanaki, don haka littafin da ya fi ba da ƙarfi kan rabon nama da zumunci ya fi dacewa da su. In kuma kyautar ta ɗan maƙwabcinka Kirista ce lokacin Kirsimeti, tambayi iyayensa irin wanda suke so.

Na uku, kuma wannan ne matakin da na fi riƙewa: karanta shi da baki, a nan cikin shagon. Kada ka ji nauyin mai shago. Shafi uku sun isa. In harshenka ya yi tuntuɓe, in Hausar ta fito da ƙamshin fassara, mayar da shi kan kanta. Littafin yara na kirki yana da daɗin faɗa kamar tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi a bakin kaka. Duba kuma ko an sa haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ. Mai koyon karatu bai kamata a bar shi yana lalube tsakanin "ƙafa" da "kafa" ba.

Na huɗu, taɓa jikin littafin. Ja shafin tsakiya kaɗan ka ga ko ɗinkin zai riƙe, goga yatsa a kan launin ka ga ko yana zuba.

Littattafan yara masu launi na Hausa ba su cika yawa a kasuwa ba, don haka fara nema tun kafin goman ƙarshe. In ka zaga ba ka dace ba, shafin African Storybook na intanet yana da labaran Hausa masu hoto kyauta, kuma an yarda a sauke a buga. Zaɓi ɗaya, ka karanta shi da baki kamar yadda na ce, ka kai wa masu buga takardu su fitar da shi da launi, su sa masa bango mai kauri.

Saura miƙawa. Rubuta sunan yaron a shafin farko, da naka, da shekarar, misali Ƙaramar Sallah 1447. Kada ka ba shi da safe ana rububin tafiya idi. Bari sai bayan isha'i, an dawo daga yawon sallah an cire sababbin kaya, ka zaunar da shi a cinyarka ku buɗe tare. In ya ce a sake, ka sake.