Yadda Ake Samun Likita Ya Zo Gida Duba Tsohon da Ba Ya Iya Fita

A yawancin garuruwanmu asibitocin gwamnati ba su da tsayayyen tsari na tura likita gida, saboda haka iyalin da ke jinyar tsohon da shanyewar ɓarin jiki, karayar ƙugu ko raunin tsufa ya kwantar, su ne za su nema da kansu. Abin da ya fi dacewa shi ne a fara da likitan da ya riga ya san majinyacin. Ɗaya daga cikin 'ya'ya ya ɗauki katin asibiti da takardar sallama, ya same shi ranar ganin marasa lafiya, ya bayyana masa cewa Baba ba ya iya zama a mota, sannan ya tambaya ko zai zo ko zai haɗa su da wanda zai zo. A babban asibiti irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a tambaya a sashen likitocin iyali. Asibitoci masu zaman kansu sun fi saurin amsawa, amma a daidaita kan kuɗin zuwa da na gwaji tun kafin a sa rana, kuma mai inshorar lafiya ya bincika ko ta ɗauki wannan hidima.

Inda mutane suka fi faɗawa matsala shi ne kiran mai kemis na unguwa, wanda da zuwansa sai allura da ƙarin ruwa. Tsoho mai ciwon zuciya ko na ƙoda, ruwan da ya yi masa yawa yana iya taruwa a huhunsa. Babu rashin ladabi a tambayi baƙon likita asibitin da yake aiki, da ko yana da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, MDCN.

Ranar zuwan, a tattara duk magungunan da ake ba tsohon a leda guda, har da jiƙe-jiƙe da na gargajiya, domin haɗuwar wasu ce ke kawo jiri da faɗuwa. Mai jinyar da ke kwana da shi ya zauna a ɗakin, don tsofaffinmu ko suna cikin azaba "da sauƙi" za su ce, kuma kunya takan hana su ambaton fitsari ko bayan gida a gaban 'ya'ya. Idan Hajiya ce, a nemi likita mace in da hali. A roƙi likita ya duba gadon baya, ƙugu da dugadugai, wuraren da gyambon kwanciya ke farawa, ya kuma nuna yadda ake juya majinyaci duk bayan sa'o'i 2.

Kada likita ya tafi sai ya rubuta abin da ya gani a littafi guda da zai zauna a gidan, tare da ranar dawowarsa. Tsakanin zuwa da zuwa, ma'aikaciyar jinya za ta iya wankin gyambo, awon jini da na suga, da ɗibar jini zuwa ɗakin gwaji.

Akwai halin da ba a jiran ziyara. Idan baki ya karkace, magana ta sarƙe, numfashi ya yi wuya, ƙirji ya riƙe, ko tsoho ya rikice farat ɗaya, a nemi mota a kai shi sashen gaggawa nan take, tare da littafin da ledar magungunan.