Yadda zaka ɗauki hoton mota da waya ya fito da kyau

Kafin komai a wanke motar, har taya da gilas, musamman lokacin hunturu da ƙura ke hawa kan fenti nan da nan. Ka goge kyamarar wayar ma.

Kar ka ɗauka da tsakar rana, ranar tana haske fenti da yawa a hoto sai kaga fari fat a saman bonet, ƙasan kuma duhu. Ka bari sai bayan la'asar ko da sassafe.

Inda zaka ajiye motar shine rabin aikin wallahi. Nemi bango mara rubutu ko fili, ka duba bayanta da kyau kar falwayar wuta ta fito kamar daga rufin motar ta tsiro, kuma in baƙar mota ce komai na kusa zai fito a jikinta har kai mai ɗauka, don haka ja da baya ka saka zoom ɗin kyamara a 2x, kusantowa yana kumbura gaban mota. Sannan ka tsuguna daidai fitila, ka tsaya ta kusurwa yadda gaba da gefe zasu fito tare, a ɗan juya sitiyari fuskar rim ta kalle ka.

Gyaran hoto kuwa manhajojin Snapseed ko Lightroom sun isa. Rage hasken da yayi yawa, ɗaga duhun wajen taya, miƙe hoton in ya karkace, ka rufe lamba. Kala dai kaɗan don Allah. In kuma siyarwa zakayi kar ka goge ƙarzuwa ko lotsawa, mai siye zai zo ya gani da idonsa.