Yadda Lauya Zai Shiga Siyasar Jihar Kebbi

Lauyan da ke son tsayawa takara a Kebbi ya fara da yin rajista da jam'iyya a mazaɓarsa ta haihuwa, domin tsarin mulkin 1999 bai amince da ɗan takarar da babu jam'iyyar da ta tsayar da shi ba. Kujerar majalisar dokokin jiha, mai mambobi 24, tana buƙatar shekara 25 tun bayan gyaran tsarin mulki na 2018, ta gwamna kuwa 35. Idan yana aikin gwamnati, wajibi ne ya ajiye shi aƙalla kwana 30 kafin zaɓe.

Abin da ya fi wuya shi ne zaɓen fid da gwani. Abubakar Malami, babban lauya ɗan Birnin Kebbi, ya nemi tikitin gwamna na APC a 2014, amma Atiku Bagudu ne ya samu. Saboda haka tun da wuri lauyan da ke son takara ya riƙa cire baƙar rigarsa ta kotu yana zama a kan tabarma wurin ta'aziyya da ɗaurin aure, yana kuma tsaya wa manoma kyauta a shari'ar gona, domin 'yan jam'iyya masu zaɓen ɗan takara sun fi tuna wanda ya taka ƙofar gidansu.