Yadda ake auna ƙaruwar ire-iren ciyawa gwargwadon faɗin fili

Wanda ya ƙirga ciyawa iri 8 a murabba'in mita ɗaya na makiyaya kada ya ɗauka murabba'in mita 100 zai ba shi 800. Adadin yakan hau da sauri da farko, daga baya ya riƙa jan ƙafa. Tun 1921 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Olof Arrhenius, ya tsara dangantakar da lissafi, kuma har yau ana amfani da ita. Ga yadda za ka auna ta da kanka.

Lokacin aikin shi ne ƙarshen Agusta zuwa Satumba, sa'ad da ciyawa ta fitar da kai. Kafin nan harkiya da guɗe-guɗe da kyasuwa duk ganye ne kore, gwani ma sai ya rikice. Bayan kaka kuwa dabbobi da wuta sun riga ka. Ka tanadi tef na mita 30, igiya, turaka, guduma, littafi, da tsofaffin jaridu da katako biyu na matse samfur.

Kada ka zaɓi inda ciyawa ta fi burge ka. Ka juya baya ka jefa turke, inda ya faɗi nan ne kusurwarka ta farko. Ka ja igiya mita 10 a kowane gefe, sannan ka auna daga kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta: idan ba mita 14.14 ba ne, filin ya karkace, sai a gyara. A cikin kusurwar ka shata ƙananan murabba'ai, kowanne a cikin na gaba da shi, masu gefen santimita 10, santimita 32, mita 1, da mita 3.16. Da haka faɗin filin kowane mataki ya ninka na baya sau goma.

Daga ƙarami ake farawa, a durƙushe, ana buɗe ciyawar da yatsu, domin ƙananan tsirrai a ƙarƙashin gamba suke ɓuya. A kowane mataki ka rubuta sababbin ire-ire kaɗai, ka haɗa su da na baya. Ka yi aikin daga wajen igiya gwargwadon iko, don abin da ka tattake ba zai ganu ba. Tun kafin ka fara ka yanke doka guda: tsiron da saiwarsa ke ciki za ka ƙirga, ko har wanda ganyensa ya leƙo? Kowacce ta yi, amma gauraya su yana ɓata ƙananan murabba'ai ƙwarai, inda ganye ɗaya na ƙiri-ƙiri da ya rarrafo zai iya ninka adadin. Wanda ba ka gane ba ka ba shi lamba, ka cire irinsa daga wajen fili ka matse. Makiyayan wurin sukan san sunansa. In ka gama, ka maimaita a kusurwar da ke fuskantar ta farko, ka ɗauki matsakaici.

Saurin hawan adadin ire-ire yayin da fili ke ƙaruwa ana kiransa z. A ce ka samu iri 8 a murabba'in mita ɗaya da 25 a murabba'in mita 100. Raba 25 da 8, ka danna log a kalkuleta, zai ba ka 0.49. Log na 100, wato yawan ninkin da filin ya yi, kuwa 2 ne. Raba na farko da na biyu, z ya zama kusan 0.25, ke nan sai fili ya ninka sau 16 kafin ire-iren su ninka biyu.

Idan adadin ya yi tsalle ba zato, ka duba ƙasa. Galibi igiyar ta haɗa da suri, ko inuwar gawo, ko bakin fadama inda tofa da aya-aya suke, wato wuri iri biyu ka haɗa a awo ɗaya. Ka rubuta hakan a littafi, kada ka share.

Kuskuren da ya fi yin ɓarna shi ne kwatanta makiyaya biyu da aka auna da faɗi daban-daban, ko raba adadin ire-ire da faɗin fili don a daidaita su. Lissafin ba ya karɓar haka. Mita ɗaya da mita ɗaya ake gwadawa, da siffa iri ɗaya, domin dogon siririn fili yakan kama ire-ire fiye da murabba'i mai girmansa. Haka kuma z ɗin da ka samu a mita 100 ba zai faɗa maka yawan ciyayin gandun kiwo gaba ɗaya ba. Wannan sai an warwatsa filayen awo a tudu da kwari da gefen burtali.