Yadda na gyara barcina bayan na dawo daga Sin

Na yi mako uku a Guangzhou wajen sarin kaya, da na dawo Kano sai barcina ya rikice. Agogon Sin yana gaban namu da awa 7, saboda haka ƙarfe huɗun yamma a shagona na Kantin Kwari, jikina yana ɗauka sha ɗayan dare ne. Ina lissafi ina gyangyaɗi, tsakar dare kuma idona biyu.

Abin da na yi shi ne, na daina kwanciya da yamma ko da barcin ya yi nauyi. Bayan La'asar nakan fita cikin hasken rana in taka da ƙafa, in jure har a idar da Isha'i, sannan na rage ƙailula zuwa minti 20. Cikin mako guda na koma tashi da kiran Asuba.